Allo Mai Kauri

Hoton ya sake tsagewa biyu a sikirin. A ɗakin gaba, mai asibitin da ta zo ganin kyamarar sa ido kan jarirai ta fara kaɗa makullin motarta. In ta tafi, aikin ya tafi.

A ɗakin aiki, Injiniya, wadda ta ƙera kyamarar, ta zaro allon lantarkinta, ta juya shi.

"Yaya, wane allo ka sa aka buga mana?"

"Mai kaurin mana," in ji yayanta, mai yi musu sayayya. "Ya fi arha, ya fi ƙwari."

"Ka kashe ni! Da siririn allo na auna faɗin layukan tagullar nan. Yanzu sigina na kaiwa ƙarshen layi ya dawo kamar amsa-kuwwa, ya yi karo da na bayansa."

"To ki yi masa faɗa ya daina dawowa."

"Je ka riƙe min matar nan da surutunka!"

Ta kankare layin daga tushe, ta ɗauko resista ƙanƙanuwa wadda za ta shanye abin da ke dawowa. Ta farko ta suɓuce, ta ɓace ƙarƙashin tebur. Ta biyu ta zauna, dalma ta kama.

Ƙofa ta buɗe, matar ta leƙo, Yaya na biye da ita. "Ni zan wuce," in ji mai asibitin.

Injiniya ta mayar da allon, ta kunna. Hoton ya girgiza, ya tsaya cak: ga fuskar Yaya tar, yana zufa.

Matar ta ƙura wa sikirin ido, sannan ta jawo kujera.