Ɗaki Kusa da Tasha

Muna shan kwana sai dutsen Diyamir ya cika gilashin motar gaba ɗaya. Ban san lokacin da na damƙe hannun mijina ba. A ƙauyenmu gefen kafaɗarsa kawai muke hangowa, yau kuwa ga shi tsaye tun daga gindi har sama, fari fat, gajimare ya tsaya masa iya ƙugu. Rana ta bugi ƙanƙarar da ke kansa har idona ya kawo ruwa.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," na ce. "Baban Zarmina, kullum haka kake ganinsa?"

"Sakar min hannu, Gulbahar, giya zan canja," Sherzaman ya ce yana dariya. "Ni kwalta nake kallo."

Shekararmu goma sha shida da aure, ranar na fara shiga motarsa. Kwana uku nake ganinsa a wata, wani watan ma ko uku ba sa cika. Shi ya sa ya matsa mu bar ƙauye mu koma Tarnol, bakin tashar manyan motoci. Na ce sai na ga wurin da idona. Na bar 'yarmu Zarmina wajen surukata, na hau gaba, buhunan dankali ɗari uku a bayanmu.

Hanyar kanta abin tsoro ce. An sassaƙe ta ne a jikin dutse, faɗinta da kyar ya ɗauki mota biyu. Can ƙasa kogin Sindh yana tafasa, launin toka, rurinsa ya danne ƙarar inji. Wani wurin dutsen yakan sunkuyo kanmu kamar rufin ɗaki. Sherzaman kuwa da tafin hannu ɗaya yake murza sitiyari, taya na bin bakin rami. Na yi ta satar kallonsa. Mutumin nan da ba ya iya ɗaura wa akuya igiya a gida, ashe wannan ne aikinsa.

* * *

Da hantsi muka tsaya shan shayi a Chilas. Wani ƙato mai jan gemu ya taso daga kan gadon igiya yana buɗe hannuwa. Dilawar ne, abokin mijina, direba shi ma.

"A'a! Yau matarmu ce a gaba? Sherzaman, an gaji da ƙaryarka ne aka biyo ka?"

"Ɗaki za ta gani a Tarnol."

"Matarmu, kar ki yi wata shawara. Shekarata bakwai a can. Daga ƙofata zuwa tasha taku ɗari ne. Kaya na sauka ni ake fara kira, ko takalmi ban gama cirewa ba. Ku kuwa kuna can saman dutse da awaki."

"Awakinmu sun fi ka wanka," na ce. Ya yi dariya har da buga cinya.

Sai na lura idanunsa jajur suke, gefen bakinsa na motsi shi kaɗai. Mai shayi ya kawo kofi uku. Kafin ya ajiye, ya ɓare wasu ƙwayoyi farare daga takarda, ya jefa bibbiyu a kofi biyu, ya juya da cokali. Bai ko ɓoye ba. Nawa ne kawai ya tsira.

"Mene ne wancan?" na tambayi mijina a hankali.

"Na gajiya ne."

"Rabona da gado tun Lahadi," Dilawar ya ce, ya shanye nasa. Ranar Laraba ce. Ya hau motarsa mai zanen dawisu, ya danna mana oda, ya yi gaba.

* * *

Bayan la'asar muka tarar da motoci sun yi layi. Mutane sun taru a bakin hanya, kowa ya leƙa ƙasa. Wurin ba kwana, miƙaƙƙe ne, kuma babu alamar birki a kwalta. Sawun taya ya tafi sak har baki, daga nan sai iska.

Na leƙa. Nisan ya sa jiri ya ɗebe ni. Can ƙasa wani allo mai zanen dawisu yana juyi a kan ruwa, ƙarami kamar ganye. Ban da shi babu komai. Kogin ya haɗiye mota da kaya da mutum, yana ta wucewarsa, duwatsun da ke kewaye suna sheƙi cikin hasken yamma, kyawunsu bai ragu ba ko kaɗan. Ban taɓa jin ƙanƙantata irin ta lokacin ba.

Sherzaman ya tsuguna ya riƙe kai. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ubangidansa ne, mai motar da yake ja. Ina jin muryarsa daga inda nake: "Allah ya jiƙansa. Kai dai dankalin nan ya shiga kasuwa da asuba."

Da muka koma mota ya kasa saka makulli.

"Kwana nawa rabonka da barci?" na ce.

"Biyu." Ya murza idanunsa. "In na ƙi, mutum goma na jiran makullin nan. Shi ya sa nake son Tarnol. Ko awa uku na samu, a gado zan yi su, ina jin motsinki."

Na karɓe makullin na sa a ƙirjina. "Kwanta."

"Gulbahar, dankali..."

"Ya ruɓe."

Ya kwanta a kujera, kafin na gyara masa bargo ya tafi. Na zauna ina gadinsa, wayar na ta kuka, rana na janyewa daga kan duwatsu ɗaya bayan ɗaya.

* * *

Sai azahar ta washegari muka isa. Mai motar ya zage shi tas a gaban jama'a, sannan ya ce ya yi lodin siminti, zai juya da yamma.

Tarnol hayaƙi ne da baƙin mai da ƙarar guduma. Ban ga dutse ko ɗaya ba. Duk da haka na riga na yanke: a ƙauye sai labari ya zo mini, a nan kuwa ko ba komai hannuna zai kai ga makulli wata rana. Na ce wa mijina mu kama ɗakin.

Mai gidan hayar ya sosa ƙeya. Ɗakin da ya yi mana alkawari an riga an shiga, amma akwai wani a sama da za a bari bayan sadakar uku.

Na hau ni kaɗai. Wata siririyar mace na zaune a ƙasa tana naɗe kayan maza, mata biyu na taya ta. Palwasha ce, matar Dilawar. 'Yan'uwansa za su zo su mai da ita ƙauyensu, ba wanda ya tambaye ta. Daga wajen mai motar da mijinta ke ja kuwa buhun gari ɗaya aka aiko.

Na yi mata gaisuwa.

"Ke ce mai shigowa?" ta ce. "Ba komai, 'yar'uwa. Zo ki gani."

Ta nuna mini inda rufi ke yoyo, da yadda ake ɗaga ƙofar kafin ta rufu. Sannan ta ja ni bakin taga. Tashar gaba ɗaya tana ƙasa, motoci ɗaruruwa, ga Sherzaman can yana ɗaure tamfol a kan siminti. Daɓen da ke gindin tagar ya yi santsi, ya ɗan lotsa wuri biyu, daidai tafin ƙafa.

"Ki sa tabarma a nan," ta ce. "Da sanyi ƙasan yana cin ƙafa."