Belin Jaririyata

Ranar sunan 'yata, tun da hantsi Malam Ramalan wanzami ya iso daga Fassi da zabirarsa, ya zauna gindin darbejiyar gidanmu yana wasa aska. Shi ne ya cire wa ɗana na fari beli shekarun baya. Jinin bai tsaya ba, muna kan babur a hanyar asibitin Rano yaron ya cika a hannuna.

Surukata Asibi ta shigo ɗaki ta miƙo hannu.

"Kawo ta, an gama shiri."

"Inna, a yi mata aski kawai. Ba za a taɓa mata maƙogwaro ba."

Ta zauna bakin gado. Ba ta yi faɗa ba, ita ma ta gaji, tun asuba take kan tukwane.

"Ke yarinya, har yanzu wanzami kike zargi? Kwanan wancan yaron ne ya ƙare. Ba ki ji wa'azin Lahadi ba? Tun ba a kafa duniya ba Ubangiji ya san nasa, ya san kwanakin kowa. Na haifi tara, duka an cire musu, na binne huɗu. Ban taɓa cewa aska ce ba."

Na san wannan maganar ce ta riƙe ta a bakin kabari huɗu, ban so in ƙwace mata ita.

Maigidana Gajere ya leƙo, ya dube mu, ya koma wajen baƙi. Can sai ga shi da Fasto Lado, wanda ya zo addu'ar suna, ƙafarsa duk taɓon gona.

"Baba Fasto, gaya mata," in ji Inna. "Akwai mai tsere wa abin da Allah ya tsara?"

"Babu, Asibi." Ya share gumi. "Amma ni bai nuna mini tsarin ba, ke ma haka. Abin da ya ba mu shi ne hankali da hannu, kuma a kansu zai tambaye mu. Yadda biyun suke haɗuwa, na yi furfura ban gane ba."

"To ka ga, ba ka raba gardamar ba."

"An kira ni addu'a da cin tuwo ne, ba shari'a ba."

Jaririyar ta motsa, na gyara mata zani. Bayana yana ciwo, idona yana yaji, ba ni da ƙarfin doguwar magana.

"Inna, idan Ubangiji ya rubuta komai, to har ƙin da nake yi yau yana ciki. Idan zai ɗauke ta, ya ɗauke ta daga ƙirjina. Ni dai ba zan miƙa ta ba."

Inna ta tashi ta fita. Na ji ta a tsakar gida tana cewa, "Malam, aski kawai. Uwar ta ƙi."

Ni da kaina na riƙe kan yarinyar har aka gama, tafin hannuna a kan bakinta. Malam Ramalan ya mayar da ƙarfen cire belin cikin zabira.

Inna ba ta yi mini magana ba har baƙi suka watse. Da la'asar ta ajiye mini kwanon kunun kanwa a bakin ƙofa, ta wuce.