Littafin Baƙaƙen Tukwane

Ranar da aka shimfiɗa kayan Maman Shuvai a tsakar gidanta na Dangamvura, ni aka ba aikin ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Wa za a ba in ba ni ba? Ni ce sahwirarta, ƙawar da ba ta haɗa jini da ita ba, amma aka yarje mata abin da ba a yarje wa jini ba: in zage ta tana raye, in kwaikwaye ta bayan ta mutu. Tun da aka kawo gawarta daga asibiti nake kan wannan aiki. Na sa hularta ta zuwa coci, na ɗora tabarau ɗinta a kan hanci, na riƙa tafiyarta ta agwagwa a gaban masu zaman makoki ina yi musu faɗa don sun cika gishiri a miyar ganye, har fasto ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Haka ake so. Dangi su yi kuka, sahwira ta hana kukan ya kashe su. Ni ko ɗigon hawaye ban zubar ba, sai ma yabona da ake ta yi.

Mai yanke hukunci a ranar ita ce yayar marigayiya, Mbuya Marwei, da ta zo daga ƙauyensu na kwarin Honde. Kayan mace na gidan ubanta ne, don haka ko Shuvai, 'yarta tilo da ta taso daga Harare, ba ta da ta cewa. Tsohuwar ta riga ta yayyafa wa kayan ruwan ganye da sassafe, ta zauna a kan 'yar kujera ta sha kunu. Ba ta taɓa ƙaunata ba. A wurinta ni ce na koya wa ƙanwarta zama da littattafan ƙarya abinci na ƙonewa a kan wuta. Ban taɓa gyara mata zancen ba, ko da yake ƙanwar tata ce ta lalata ni.

Na ɗaga barguna, aka ba wannan. Na ɗaga tukwane, aka ba waccan. Na ɗaga jar rigarta ta zumuntar mata na ce duk wadda ta karɓa sai ta ƙara cin sadza, tuwonmu na masara, kafin ta cika ta, aka yi dariya. Ina sunkuyawa in ɗauki dutsen guga sai na ga littafinmu a ƙarƙashinsa.

Babban littafin rubutu ne mai ƙaƙƙarfan bango, irin na masu kanti, ta lulluɓe shi da ƙyallen tsohon zaninta. Mun fara shi ne shekarar da ta bar aikin jinya ni kuma idona ya gaji da keken ɗinki. Muna aron littattafai a laburaren gari, muna tsinto tsofaffi a kasuwar Sakubva, waɗanda wani lokaci babu shafin ƙarshe sai mu ƙirƙira. Gardama ce ta yi mana yawa. Ita ta ce na manta abin da na faɗa a kan littafi kaza, ni in ce ƙarya take yi min. Sai ta ce to a riƙa rubutawa. Shafin hagu nata, na dama nawa.

Nata shafin sai ka rantse ɗan zane aka ɗauko. Sunan littafi da koren biro, kewaye da furanni. Ranar da ta fara, da inda ta karanta shi: a layin karɓar fansho, a cikin kombi, wato motar haya, a bakin ƙofa ranar da babu wutar lantarki. Takan liƙa tikitin mota, ko furen jakaranda da ya faɗo mata a tsakiyar babi, har da takardar alewar da ta sa alama da ita. A ƙasa kuma sai makin littafin, wanda da tukwane muke bayarwa. In labari ya riƙe ki har sadza ta kama, a zana baƙar tukunya ɗaya. In ya sa kin ƙona abinci har maƙwabta sun leƙo, uku. Littafin da ya sa ki barci kuwa farar tukunya ake zana masa, wankakkiya tas, kuma babu zagin da ya fi wannan a wurinmu. Nawa shafin babu fure ko ɗaya. Baƙin biro ne da masifa, daga sama har ƙasa.

Sati yana gidana, sati yana gidanta. Da ciwo ya kwantar da ita sai ya zauna a wurinta, ban kuma tambaya ba.

Ba wai ban san yana gidan ba. Kwana ɗaya kafin rabon na shiga ɗakinta neman mayafi, na gan shi a ƙarƙashin filo. Na ɗauka, na ji nauyinsa, har na buɗe bakin jakata. Amma kowa ya san ba a ɓoye ko cokali daga kayan mamaci, sai an fito da komai fili an yayyafa masa ruwa. Ina da bakin tsiya, amma ina tsoron wannan. Na mayar da shi, na ce a raina ai Shuvai za ta gane ba kayan rabo ba ne. Yarinyar kirki, ta bi ƙa'ida ta ɗora shi a kan tabarma.

To ga shi a hannuna, kuma ba ni da bakin roƙo. Ni bare ce. Sahwira takan fizge zani ko kaza da wasa a fanshe su da 'yan kuɗi, amma ta tsaya a gaban dangi ta ce a ba ta gado, wannan abin kunya ne da za a yi ta ba da labarinsa har Honde. Ina son littafin nan fiye da duk abin da ke kan tabarmar, fiye da gidan ma da abin da ke cikinsa. Na ɗaga shi sama kamar yadda na ɗaga tukwane.

Mbuya Marwei ta miƙo hannu. Daga ƙarshensa ta buɗe shi, ta ga fararen shafuka da yawa, fuskarta ta ɗan saki. Ta ce ai wannan abin amfani ne, tana da jika a ƙauye da kullum ake koro ta daga makaranta saboda littafin rubutu. A cire waɗanda aka ɓata, a kai wa yarinya sauran. Ba mugunta ba ce, mace ce da ba ta taɓa zubar da ko zaren buhu ba. Aka miƙo min shi in ajiye a gefen masu tafiya Honde.

Na ce a raina, in za a yage shi, bari a ji shi sau ɗaya tukuna. Na gyara tabarau, na turo ciki gaba, na buɗe tsakiya na maƙale murya irin tata.

"Labarin direban jirgin ruwan da ya bar matarsa. Na karanta shi a layin asibitin ido. Tukwane uku. Mutumin banza ne, amma na yafe masa."

Na tsallaka gefe guda, na cire tabarau, na koma muryata. "Kin yafe masa don an ce yana da gemu. Duk mai gemu a wurinki waliyyi ne, shi ya sa Baban Shuvai ya same ki a arha. Tukunya ɗaya, ita ma don ina jin kunyarki."

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Baban Shuvai ya daɗe da rasuwa, amma akwai waɗanda suka tuna gemunsa, wata ƙanwar marigayiya har da riƙe ciki. Na buɗe wani shafin, na yi nata, na yi nawa. A nan ta yabi wani littafin soyayya, ni kuma na rubuta cewa ko akuya aka karanta wa sai ta yi hamma. Na karanta wannan layin da ƙarfi, sai na yi shiru ina jira.

Ban san jira nake yi ba sai da shirun ya yi tsawo. Duk lokacin da na karanta mata shafina, daidai irin wannan wurin take jan tsaki, ta ce, ke dai Maman Ngoni ba ki da zuciya. Tsakin nake jira. Na tsaya a tsakiyar mutane da hular matacciya a kaina, na kasa kunne, ba abin da na ji sai kukan kaza a bayan gida. Na so in yi tsakin da kaina, tunda aikina ne, na kasa.

"Kawo nan," in ji Mbuya Marwei.

Wannan karon daga gaba ta buɗe. Ba ta karatu sosai, amma idonta ras yake. Ta daɗe tana kallon furannin, ta shafa wani busasshen ganye da ɗan yatsa. Sannan ta dangwala yatsan a shafin dama.

"Wannan rubutun kamar kaza ta yi tono, na wane ne?"

"Nawa ne, Mbuya."

"Wannan fa?"

"Shi ma."

Ta yi ta juyawa tana duba hannun dama kawai, har ta kai inda rubutu ya ƙare. Ta rufe, ta ɗago kai ta bi dangi da kallo ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da ke sa babban mutum ya gyara zama.

"Wa ya ɗora kayan mai rai a kan tabarmar mamaci? Har na yayyafa masa ruwa da hannuna, ba wanda ya ce min uffan. So kuke ku kira wa matar nan mutuwa?"

Shuvai ta durƙusa tana tafa hannu a hankali tana ba da haƙuri. Wani ƙanen marigayiya, Sekuru Mandi, mai son a san ya san al'ada, ya yi gyaran murya ya ce ai duk da haka rabin littafin na marigayiya ne, kuma rabin nan hakkin dangi ne, sai a raba.

Tsohuwar ta sake buɗewa, ta kama takarda ɗaya tsakanin yatsu biyu ta ɗaga masa. Ta nuna fuskarta, baƙin rubutuna. Ta juya bayanta, koren rubutun ƙanwarta da 'yar tukunya.

"Ga shi, Mandi. Gaba na wannan fitinanniyar, baya na Sekesai. Kowace takarda haka take. Je ka ɗauko wuƙar da za ta raba."

Sekesai. Rabon da in ji an kira ta da sunan yankanta har na manta. Sekuru Mandi ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa.

Mbuya Marwei ta kama bakin zaninta ta goge bangon littafin gaba da baya, wai tana cire masa ruwan da ta yayyafa, ko da yake ya daɗe da bushewa. Ta tura min shi a ƙirji kamar mai mayar da kayan aro da ya dame ta. Ta ce jikarta ba ta rasa kawunan da za su saya mata littafi ba, in suna da kunya. Na so in ce wani abu na ban dariya, don abin da ake jira daga gare ni ke nan, amma ta riga ni.

"Cire hular nan, Sahwira. Kin ba mu dariya, ta isa. Zauna nan kusa da ni, Shuvai ta ɗaga sauran."

Na cire hular. Na zauna a ƙasa a gefen kujerarta, littafin a kan cinyata, na rungume shi da hannu biyu. Kukan da ya zo min ba irin na makoki ba ne mai waƙa da kirari, mummunan kuka ne na tsohuwa, da majina da komai, kuma ba wanda ya tashi ya hana ni. Ina cikin yi na ji tafin hannu mai kaushi ya sauka a bayana, ya zauna a nan. Mbuya Marwei ba ta dube ni ba. Da ɗaya hannun ta nuna dutsen guga, ta ce a ba matar Mandi.