Ƙarar da Tijjani ya kai Gazawa

Shekarar da aka gama babban taron ƙasa a Yamai, kowa na ta zancen jam'iyya, aka turo Tijjani da Nomau wani ƙauye bayan Gangara su gwada koyarwa. Ɗaliban lissafi da kimiyya ne, kuma an gaya musu tun daga Maraɗi cewa wanda ya fi iya aikin za a mai da shi birni, ɗayan ya zauna daji.

Tijjani bai damu ba, don tun suna aji ɗaya Nomau bai taɓa shan gabansa ba. Sai ga shi a ƙauyen nan abin ya juye. Shi yana ta zuba Faransanci kamar rediyo, yara na hamma. Nomau kuwa ya kwashi nasa zuwa bakin rijiya, suna auna igiya da guga, yana bayani da Hausa tsagwaronta, dariyarsu har cikin ajin Tijjani. Iyaye suka fara aiko wa Nomau fura. Tare suke sha, amma ba ta wuce wa Tijjani a maƙogwaro, don kishi ya riga ya cika wurin.

Da abin ya ishe shi, ranar kasuwa ya hau mota zuwa Gazawa, ya sami Malam Sajo, mai duba malamai, ya ce Nomau na karya doka, yana koyarwa da Hausa.

Sajo ya zo da kansa. Ya yini bakin rijiya yana kallon darasin Nomau, Tijjani na leƙe ta zana, zuciyarsa fes. Da la'asar ya kira su duka.

"Zamani ya sake," in ji Sajo. "Yanzu irin wanga muke nema ido rufe, ya koya ma sauran ɗalibai a Maraɗi. Tijjani, ba don kai ba da ban san da shi ba. Sai ka haɗa da ajinai ka riƙe."

Washegari Tijjani ne ya ɗauki jakar Nomau har bakin mota, don bai ga yadda zai ƙi ba. Nomau ya rungume shi da hawaye, yana gaya wa jama'a cewa abokinsa ne ya je har Gazawa ya yi maganarsa.

Dattawan gari suka ɗaga hannu. "Allah shi ba kowa aboki irin Tijjani."

Duk ido na kansa, dole ya ce amin.