Taguwar da Gwamnati Ta Tsare

Na yi digiri biyu a kan tsuntsayen ruwa, sai gwamnati ta saka mini da gadin tsibirin Dhoro, inda ba kowa sai su. Idan teku ta janye, ana zuwa da ƙafa cikin taɓo. Idan ta dawo, sai kwalekwale. Doka ta ce duk dabbar gida da aka samu a ciki, a kama ta a yi gwanjonta.

Wata safiya na tarar da taguwa cikin bishiyoyin tsibirin, ga ɗanta sabon haihuwa ƙafafunsa na rawa. Raƙuman gaɓar tekunmu ta yankin Kutch suna iyo, amma ba sa karanta allon gargaɗi. Mai ita, tsoho Jusab, yana zaune gefe da jarkar ruwan sha. Taguwar kaɗai ta rage masa tun da masu haƙar gishiri suka share kurmin da yake kiwo.

Na ce, "Baba, ka san doka."

"Na sani, yallaɓai. Ita ce ba ta sani ba. Nan aka haife ta, nan ta dawo ta haihu. Yi mata bayani da Turanci, ko za ta gane."

Ina cikin shawarar yin kamar ban gani ba, sai ga kwalekwalen shugabata, Malama Solanki, wadda ba a taɓa jin ta yafe wa ko akuya ba.

Ta ce, "An kama ta. A fitar da ita."

Muryar Jusab ta yi ƙasa. "Ranki ya daɗe, ba za ta bar ɗanta ba. Shi kuwa bai iya iyo ba tukuna, taɓo kuma zai haɗiye shi."

Ya tashi ya tatso nono a kwano ya miƙa mata. Haka mutanensu suke yi wa duk baƙo, har wanda ya zo raba su da dukiyarsu. Ta dubi kwanon, ta dubi ɗan kwalekwalenmu da ko mu biyu da ƙyar yake ɗauka, ta shanye.

"To, a tsare ta a nan. Fursuna kuwa sai an kawo mata ruwa kullum. Malam, kai za ka riƙa ɗaukowa?"

Na ce, "Bayana yana ciwo, ranki ya daɗe."

"Na yi zaton haka. Tsoho, kai ne gandirobanta."

Na ce, "Gwanjon fa?"

"Sai an kai ta gari. In kuwa ta tsere kafin nan, hukumarmu ba ta da jirgin bin raƙumi."

Bayan damina, wata safiya teku ta cika, na ji fantsamar ruwa. Kawunan raƙuma biyu ne, babba da ƙarami, da tsoho a bayansu yana iyo riƙe da jarka, sun nufi gaɓar da makiyaya suka sake dasa wa itatuwa. Na juya madubin hangen nesa na gwamnati zuwa ɗaya ɓangaren, na ci gaba da kallon zalɓe, tunda shi ne aikin da aka ɗauke ni in yi.