Raken da Istifanus Ya Binne

"Maman Firdausi, ara mana fartanya!"

Muryar Rifkatu ce ta bayan katanga. Ina tsakiyar tankaɗe na ce a raina, yau kuma me za a yi da fartanya a gidan da maigida ko zama ba ya iya yi sai an tallafe shi? Na karkaɗe hannu na kai mata da kaina, don ni dai ba na iya kwana da tambaya a ciki.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Gubuchi. Su Kirista ne, mu Musulmi, amma tun da aka kawo ni garin nan gishiri da ashana ta kan katangar nan suke wucewa. Mijinta Istifanus manomin rake ne, fadamarsa na jikin ta maigidana Malam Ɗayyabu. Ciwon hanta ya kwantar da Istifanus tun kaka. An kai shi asibiti a Makarfi, aka tura su Zariya, daga can aka ce su koma gida a ci gaba da addu'a. Kowa ya san abin da ake nufi.

Na same shi a tabarma an jingina shi da buhun masara, ciki ya kumbura, wuya ya zama kamar kara. 'Yarsu tilo, Lidiya, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, tana tsaye da guntun rake a hannu.

"Sannu, Baban Lidiya. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, Maman Firdausi."

Rifkatu ta ja ni bakin madafa, murya ƙasa-ƙasa. "Cewa ya yi in shirya yarinyar nan. Jiya fasto ya zo ya karanta mata batun tashin matattu, ita kuwa tana ta wasa da igiyar takalminsa. Ni da na buɗe baki sai kuka. Shi ne ya ce zai gaya mata da kansa."

Istifanus ya sa Rifkatu ta yi ɗan rami a gindin katanga. Ya ce, "Lidiya, kwantar da raken nan a ramin, yadda kika ga muna yi a fadama. Kada a zurfafa, in aka zurfafa ruɓewa yake. To, rufe shi."

Ta tura ƙasa da hannuwanta biyu.

"Yanzu ina raken?"

"Yana ƙasa."

"Ya ƙare ke nan?"

"A'a, Baba. Zai fito."

"Yawwa." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ni ma za a kwantar da ni haka. Kada ki ji tsoro. Yesu ma an kwantar da shi, ya tashi. Ni ma zai tashe ni."

Da alama akwai sauran magana, don na ga ya ɗaga yatsa, sai tari ya sarƙe shi. Muka kama shi muka shigar ɗaki. Daga ranar bai ƙara yin doguwar magana ba. Ba a yi mako ba, da hantsi ina shanya, na ji ihun Rifkatu. Na saki zanen da ke hannuna a ƙasa.

Aka sa shi a akwati, aka kai shi maƙabartarsu da ke bayan coci da waƙoƙi. Ni ina gida ina dafa wa 'yan gaisuwa abinci. Matan da suka dawo sai yabon Lidiya suke, wai ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, wai yarinya ƙarama da bangaskiya haka. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wace 'ya ce za a rufe ubanta tana kallo ta dawo tana tsalle?

Sai butata ta fara ɓacewa kullum da safe. Na yi wa 'yata Firdausi faɗa har na gaji, ashe baiwar Allah ba ruwanta. Ran nan na hangi Lidiya ta fito da butar daga zaurenmu, ta tsiyaya kaɗan a gindin katangarsu, ta kama hanyar coci tana rinjaya gefe guda saboda nauyi. Na yafa mayafi na bi ta. Ina isowa na tarar ta durƙusa tana zuba ruwan a kan kabarin, a hankali, daga kai zuwa ƙafa.

"Inna, ki bi ta gefe," ta ce. "Kada ki taka wurin da zai fito."

Na ja gefe, na juya na kama hanyar gida.

Na je na sami Rifkatu. "Haba, Maman Lidiya! Kin san abin da yarinyar nan take yi?"

"Na sani."

"Kin sani kika zuba mata ido? Mu ma mun yarda za a tashi, amma ai ba da buta ba. Ki gaya mata mana!"

"In ce mata me? Maganar ubanta ta ƙarshe ce fa." Ta share ido da gefen zane. "Ni da nake rera waƙar tashi tun ina yarinya, yanzu in na rufe ido ƙasar kawai nake gani. Me zan ba ta, ni da ba ni da shi?"

Na ja mayafina na koma gida.

Sai raken ya fito. Wani ɗan tsiro kore shar, kamar tsinke. Ihun Lidiya har zaurenmu. "Mama! Ya fito! Ya fito!" Ta faɗa ɗaki ta ɗauko takalman ubanta na zuwa coci, wai an tafi da shi ba takalmi, ƙaya za ta soke shi a hanya. Kafin mu tare ta, ta yi waje da gudu.

Muka zauna ni da Rifkatu a tsakar gida muna jiran ta. Lidiya ta daɗe. Da ta dawo, tafiya take kamar mai ciwon ƙafa, takalman rungume a ƙirji.

"Mama, sun zurfafa shi," ta ce. "Baba ya ce in aka zurfafa ruɓewa yake. Kuma a akwati suka sa shi, ta ina zai fito? Ki aro fartanyar Inna mu je mu rage ƙasar."

Wayyo Allah! Na juya fuska ina kuka kamar ni aka yi wa mutuwar. Rifkatu ta durƙusa ta kama kafaɗunta.

"Lidiya, ji nan. Baba bai yi miki ƙarya ba, bai dai ƙarasa ba ne. Zai tashi, amma ba ruwa ne zai tashe shi ba. Sai ranar da Yesu ya dawo ya kira kowa."

"Yaushe?"

"Ban sani ba."

"Kafin a sare raken?"

"A'a."

"Kafin in girma?"

Yarinyar ta daɗe tana kallon fuskar uwarta, sannan ta buɗe baki ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Har 'yan layinmu sai da suka leƙo.

Da yamma na tarar da butata a bakin ƙofata, cike da ruwa. Lidiya ba ta sake ɗauka ba.

Washegari da safe na leƙa ta kan katanga. Rifkatu ce a tsugune, tana yayyafa wa tsiron ruwa da kwanon sha. Lidiya na zaune a dokin ƙofa ta ba shi baya, ta zura ƙananan ƙafafunta cikin takalman ubanta.