Ɗakin Sabulun Zuhura

Shekara shida Zuhura da aminiyarta Kamila suna haɗa sabulu a bayan gidan Kamilar, nan cikin Kankia. Kamila ce mai jiƙa soda, Zuhura kuwa auna mai da yanka ne nata, juyi kuma su yi karɓa-karɓa. Da aka yi wa mijin Kamila canjin wurin aiki zuwa Funtuwa, sai ta bar mata sikeli da muciya da bokitai uku, ta tafi.

Sati biyu kayan na jingine a tsakar gida. Mijin Zuhura direban babbar mota ne, yakan yi wata bai leƙo ba, 'yarsu ɗaya tilo kuma tana aure a Kusada. Wata safiya dai ta kwashe tarkacen da ke ɗakin ajiya, ta share, ta shigar da kayan.

Haɗin farko ƙofa a rufe ta yi shi, saboda kaji. Tana juye soda cikin ruwa tururi ya turnuƙe ta, ta fito tana tari, ga ɗigo biyu sun ci mata wuyan hannu. Ta daɗe tsugune bakin randa tana kwarara wa wurin ruwa, ba mai ce mata sannu.

Ta kira Kamila a waya.

"Adda, ashe haka sodar nan take?"

"Ke Zuhura, ba ki lura a fili nake jiƙa ta ba? Ki sa a fasa miki taga. Ki nemi safar hannu ta roba, ki rufe hanci, ki riƙa barbaɗa ta kaɗan-kaɗan. Bari, na yi baƙi, ma yi magana."

Da izinin maigidan, Malam Jaji kafinta ya zo da magini. Suka fasa taga mai kallon ƙofa don iska ta ratsa, aka dafe ƙasa da siminti. Malam Jaji ya kafa kantar ajiye soda can sama, ya yi tebur daidai ƙugunta don kada bayanta ya ƙage, ya sa wa ƙofar kwaɗo.

"Hajiya, kujera nawa za a yi?"

"Biyu," in ji ta. Har ya ɗauki awo ta ce, "Malam, bar shi, ɗaya ma ta isa."

Ɗakin ya yi daɗin zama, ga haske, ga iska. Juyin ne dai ba mai karɓar ta. In hannun dama ya gaji sai ta koma na hagu, rediyo na ta surutu a bakin taga.

Bayan kwana biyu sabulun ya daskare sumul, ba tsaga ko ɗaya. Ta yanka, ta ɗauki hoto ta tura wa Kamila. Amsa ba ta zo ba sai washegari da la'asar: "Ma sha Allah, hannunki ya faɗa." Zuhura ta karanta sau biyu, ta ajiye wayar, ta ci gaba da jera sandunan a kan tebur su sha iska.